Ingila Biyu da Dikko Walfiya Ya Bar Mana

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Dikko makwancinsa a Bodinga, amma har yau mutumin nan bai daina haɗa ni rigima da mutane ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Yana raye ya saba ya tsokano magana ya zame ya bar ni da ita, sai ga shi ya tafi ma bai fasa ba.

Ga wanda bai san shi ba, Dikko ma'aikacin jin daɗin jama'a ne a ƙaramar hukuma, shi ya sa kowa ke ce masa Dikko Walfiya. Aikinsa shiga tsakanin mata da miji, nemo dangin marayu, da bin sawun tsofaffin da 'ya'yansu suka yi watsi da su. Ni kuwa a asibiti na yi nawa aikin a Shagari har na ajiye. Tun firamare muke tare, kuma a bayan babur ɗinsa na san Kajiji da Horo Birni, don in zai je sulhu ɗaukata yake yi, wai farar rigata ta asibiti tana sa mutane su rage ihu.

Ana nan sai ya samu aiki a Ingila. Ya yi 'yan shekarunsa can, ya dawo ya koma kan tsohuwar kujerarsa kamar wanda ya leƙa Sifawa ya juyo. Tsarabar da ya fi kawowa labari ce, kuma a nan matsalar take, domin Ingila biyu ya zo mana da su.

Akwai ta majalisa, wadda yake shimfiɗa mana a gindin darbejiya, yara na laɓe suna saurare. A wannan Ingilar albashi ba ya makara. Ana tura ka kwas ba tare da ka san kowa ba. Shugabarka za ta zaunar da kai ta tambaye ka ko aikin yana taɓa maka zuciya, kuma amsa take jira. Wanda ya daure zai wayi gari shi ne shugaban sashe. In ya kai nan sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku nan wa ya taɓa tambayarku lafiyar zuciyarku?" Haushi ya yi ta cin mu.

Sannan akwai ta cikin gida, wadda ya keɓe wa matarsa Hajiya Inno, musamman in ta kawo maganar sabon zane ko in yana son a ƙara masa nono a fura. A wannan Ingilar sanyi har cikin ƙashi yake shiga. Takardunsa sai da aka daɗe ana juya su kafin a yi masa rajista, shi kuwa yana gidan kula da tsofaffi yana yi musu wanka, mutumin da a Bodinga ake miƙe masa in ya shigo. Da ya samu aikin sosai, gidajen da aka ɗora masa sun fi ƙarfin mutum uku, rabin yini kuma yana gaban kwamfuta yana caccaka ta da yatsa biyu. Shugabarsa ya girmi uwarta. Abin da ya fi ci masa rai, ka je gidan mutane sulhu, ko lomar tuwo an hana ka karɓa. Dikko da bai taɓa sasanta kowa da yunwa a cikinsa ba!

Ban taɓa kama shi da ƙarya a ko ɗaya ba. Rabon labarin ne dai ya yi yadda ya ga dama.

To, yau zamani ya juya. Abin da Dikko ya yi mutane suna kallonsa kamar ya je wata, yanzu yara a waya suke nemansa suna kwance. Autarsa Luba, wadda ta karanta irin aikinsa, a zaurena aka yi mata ganawar ɗaukar aiki ta waya, don nan ne sabis ya fi kamawa. Ni aka ba aikin tsare akuya kada ta shigo. Ta shigo kuwa, Turawa suka yi dariya, suka ɗauki Luba. Ita kaɗai ta rage wa Inno a gida, sauran duk sun yi aure sun watse. Inno ta ce ba inda za ta. Masu aikin kuwa amsa suke jira, in damar ta wuce ta wuce.

Ran nan da hantsi sai ga su a Shagari su biyu, kowacce da tata Ingilar a baki.

Inno ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Malam, ka ja kunnen ɗiyarka. Ubanta da bakinai yac ce ƙasar ba wurin zama ba ce. Babban mutum kamar shi, wankan tsohwahhi!"

Luba ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, kai ma kana wurin. Shi yac ce can ne aka san darajar wanga aiki. Nan na gama karatu ina zaune, ba aiki ba dalilinai. Can aikin jirana yake."

Suka zuba mini ido: ni ne aminin marigayi, in faɗa musu da yana raye me zai ce. Kai, Dikko! Na san sarai abin da zai yi. Zai ce wa uwa tana da gaskiya, ya ce wa ɗiya tana da gaskiya, ya duba sama ya ce azahar ta gabato, ya bar ni da su.

Sai na ɗauko wani labarinsa da ni kaɗai ya ba, don kunya ta hana shi faɗa a majalisa. Nufina su yi dariya zuciya ta sauka.

A can Ingila an ba shi kula da wani tsohon Bature da ke zaune shi kaɗai. Gida tsaf, magani tsaf, ana kawo masa abinci har ƙofa, amma kullum yana gaban taga. Dikko ya bincika ya gano tsohon yana da ɗa, a garin nan yake, lafiyarsa lau, ya kusa shekara bai leƙo ba. Ran Dikko ya ɓaci. A Bodinga ai magana ta ƙare: a nemo kawun yaro a zaunar da shi. Ya tambayi kawu, babu. Ya tambayi mai unguwa, aka ce ba su san wannan ba. Sai kawai ya gyara hularsa ya shiga bas, ya nufi shagon da ɗan yake aiki, ya tsaya gaban abokan aikinsa da masu sayayya ya wanke shi tas. Ya ce mini har da nuna yatsa, har da "ba ka jin kunya", ya fassara masa ita da Turanci.

Washegari aka kira shi gaban kwamiti. Ashe a can babban laifi ne ka fitar da maganar wanda kake kula da shi waje. Aka yi masa gargaɗi mai zafi, ƙarin girman da yake hange ya sha ruwa, aka tura shi kwas na koyon kama baki. Shi kuwa ɗan, don fushi, ya taka har gidan uban ya yi ta zazzaga masifa a kan wane ne ya turo masa wannan mutum. Da Dikko ya koma ba tsohon haƙuri, sai ya iske shi fuska fal murna. Wai ɗan ya zauna har ya sha shayi, kuma in da hali a sake zuwa shagon.

Luba ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi. Inno ba ta yi ba.

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Malam, ni ba sanyin nika tsoro ba. Ta sa riga. Wankan tsohwahhi ma lada ce. Amma in ta tahi ta saba, wata ya wuce ba ta kira ni ba, wa za shi bi ta har wurin aiki shi yi mata hwaɗa? Mai yin hakan ya mutu."

Shekara bakwai ina kewar Dikko don barkwancinsa, ban taɓa tunanin abin da ita ta rasa ba. Luba ta fara rantse-rantse, na ɗaga mata hannu. Na ji bakina yana cewa, "Hajiya, ni zan je." Ni da ko Legas ban taɓa takawa ba, ni da mota ma in ta yi gudu salati nake yi.

Inno ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Kai? Da wane Turanci?"

Na ce faɗa ba ya buƙatar Turanci, yarinyar tana jin Hausa. Nan ne ta yi dariya, tana share ido. Ta ce to, Allah shi kiyaye hanya.

Luba ta tafi bayan damina. Takan kira ta ba uwarta labarin ƙarin kwas da kirkin abokan aiki, ni kuma ta kira ni ta ba ni labarin sanyi da tarin gidajen da aka ɗora mata. Na san inda ta gado.

In na zauna ina auna abin da Dikko ya bari, ba na ganin gida ko muƙami, don bai tara ba, bai kuma zama shugaban sashe ba a can ko a nan. Abin da ya bari shi ne wannan ɗabi'a ta ƙin yarda a bar tsoho shi kaɗai gaban taga, ko da za ta jawo maka kwamiti. Ya mutu ya bar ta ba mai riƙo, sai ta faɗo a kaina. Na je Sakkwato na yi fasfo, na aika wa Luba hotonsa ba tare da na ƙara ko kalma ɗaya ba. Daga ranar, in ji Inno, wayar ba ta taɓa tsallake Juma'a ba. Allah ya kai haske kabarinka, Dikko, ya kuma sa kada in shiga jirgin nan.