Kaso Goman Maame Afrakoma

A shekarar 2004, ranar Litinin ta biyu a watan Maris, Kwaku Boadu ya fara haɗuwa da Maame Afrakoma, shugabar kicin a wani asibitin mishan da ke wajen Kumasi. Ba gaisuwa ce ta kawo ta ba. Ta banko ƙofar ɗakin na'urori da ludayi a hannu, ta ce, "Ina mai kwamfutar nan da ke barci a bakin aiki?"

Boadu, mai kula da kwamfutocin asibitin, siriri ne, kullum cikin farar riga, da biro uku a aljihu. A zamanin nan ma'ajiya ɗaya tak asibitin ke da ita, wani akwatin ƙarfe mai gurnani, kuma rumbunan bayanai uku ne a cikinta: na ɗakin gwajin jini, na ɗakin magani, da na kicin. In duka ukun suka nemi aiki lokaci guda, dole wani ya jira. Boadu ne ya raba musu ƙarfin ma'ajiyar: gwaji sittin cikin ɗari, magani talatin, kicin goma. Shi ya sa takardar Maame, mai nuna wane majiyyaci aka hana gishiri, wane aka hana sukari, takan yi minti arba'in kafin ta fito.

"Ki yi haƙuri, Maame," in ji shi. "Jini ne gaba, miya tana baya."

"To, Allah ya kai mu ƙarfe ɗaya."

Da ƙarfe ɗaya ta zuba masa fufu da miya, ta ɗora wata 'yar tsokar akuya da ba ta kai kan yatsa ba.

"Maame, ina naman?"

"Likitoci sittin, nas-nas talatin. Ai kai ka koya mini lissafin, ɗana."

Shekara shida yana cin wannan kaso. Bai ƙara mata ko ɗaya ba.

A 2010 aka kawo sabon shugaba, Dakta Twumasi, dattijo mai son rahoto mai launi-launi. Ya sa aka buɗe rumbu na huɗu don ƙididdiga, ya ce shi za a sa a gaba. Kowace Litinin da safe, lokacin da asibiti ya fi cika, sai rahoton ya haɗiye ma'ajiyar. Sakamakon jini da kan fito cikin minti biyu ya koma awa guda, likitan tiyata na tsaye yana jira.

Boadu ya san gyaran, aikin minti biyar ne. Amma an raine shi a gidan da ba a kallon idon babba a ce masa ya yi kuskure. Sai an bi ta bakin kakaki. Sau huɗu ya rubuta takarda, sau huɗu ya yayyaga. A ƙarshe ya tafi kicin, ya tsaya da hannaye a baya.

"Maame, kakaki nake nema."

"Ni? Mai goma cikin ɗari?" Ta ci gaba da yankan albasa. "To, faɗa mini da yaren tukunya, ban da turancinka."

Ya faɗa mata.

Ranar Laraba da Dakta Twumasi ya shigo cin abinci, Maame ta sauke tukunyar miya ɗungurungum ta dire a gabansa, ta miƙa masa ludayin. Ma'aikata arba'in na layi da kwanoni.

"Kowa ya tsaya! Sai Yallaɓai ya ƙoshi."

"Haba, Maame, mene ne haka?"

"Sabon tsari ne, ranka ya daɗe. An ce haka rahotonka ke yi wa masu jiran jini ran Litinin. Na ce mu ma a kicin kada a bar mu a baya. Ci a hankali, ba sa sauri."

Loma uku ya iya kaiwa a gaban idanun nan. Da la'asar ya kira Boadu, ya ce wata dabara ta zo masa: shin rahoton zai iya gudana ran Lahadi bayan an taso coci?

"Dabara mai kyau, Yallaɓai," in ji Boadu.

Boadu bai taɓa zuwa ya ce wa Maame na gode ba. Irin mutanen nan ne da godiya ke yi musu nauyi a baki. Ita ma ba ta ƙara masa nama ba. Sai dai daga makon nan takardarta ta riƙa fitowa cikin minti ɗaya. Ta ɗauka na'urar ce ta lalace, ta yi shiru don kada a gyara.

Sai da ya yi ritaya a 2019, Madam Gyamfua da ta gaje shi ta ga wata doka a cikin tsarin. Ashe ya zauna ya lura cewa daga goma da kwata zuwa goma da rabi ma'aikatan gwaji na shan shayi, ba mai taɓa rumbunsu. A wannan kwatan awa, daidai lokacin da Maame ke neman takardarta, ya sa kicin a gaban kowa, kullum, har ran Kirsimeti. Madam Gyamfua ta karanta sau biyu, ta bar dokar yadda ta same ta.