Farin Dutse a Kan Falale

A shekarun da Nasara ya tattara nasa ya tafi, aka ɗaga sabuwar tuta a Tahoua, mu dai ƙafarmu ce motarmu. Kamyo, wato babbar motar kaya, yakan wuce jefi-jefi, amma wa zai tsaya wa mace da tulin tabarmi a ka? Kowace Lahadi mukan fito daga ƙauyukanmu na wajen Bambeye, mu haɗu inda hanyoyinmu suka gamu, mu nufi kasuwa tare. Ni busasshiyar kuɓewa nake kaiwa.

A mahaɗar nan akwai wata aduwa, kusa da ita wani falalen dutse. Kowace mace tana da ɗan dutsenta a gindin aduwar, ta san shi kamar yadda ta san ludayinta. In za mu tafi, kowa ta ɗora nata bisa falalen. In mun dawo, kowa ta sauke. Da yake ba tare ake gama ciniki ba, dutsen da ya rage a sama yana nufin mai shi tana baya, kuma ba a shiga gida a bar ta. Sai a zauna a jira. Ba a kuma taɓa dutsen wata, ko ƴar uwarki ce, don kada a ɗauka ta wuce alhali tana can kwance a hanya. Haka muka tarar, haka muka riƙe.

Cikinmu akwai wasu biyu, taubasan juna. Ɗaya doguwa, mai tabarmi, tana ɗan jan ƙafar hagu. Ɗaya gajera, mai daddawa, bakinta ba ya hutawa. Tun daga aduwa har kasuwa tsiya suke yi wa juna.

"Ke raƙuma, ɗaga ƙafa, kasuwa ba ta jiran gurgu!" in ji gajerar.

"Wuce gaba dai, warin kayanki ya buɗe muna hanya," in ji doguwar.

Amma ban taɓa ganin ɗaya ta sha ruwa ba ta miƙa wa ɗayar ba. Dutsen doguwar fari ne, sumul, kamar ƙwan zabo.

Wata Lahadi cikin bazara, doguwar ta yanke jiki ta faɗi bisa tabarminta a tsakiyar kasuwa. Aka kai ta asibiti. Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Danginta na cikin gari suka yi mata sutura, aka rufe ta a can Tahoua. Muka dawo gindin aduwa. Kowa ta sauke dutsenta. Farin ya rage shi kaɗai.

Muka tsaya muna kallonsa. Wa za ta taɓa? Babbarmu, wadda muke kira Inna, ta ce mu tafi, ai mun san inda mai shi take. Gajerar ta aje ƙwaryarta, ta zauna.

"Inna, ba ta dawo ba," ta ce.

Sai da muka ja ta da ƙarfi ranar. Lahadi ta gaba ta sake zama, ta bayanta ma haka. Wurin nan fa ba wurin zama ba ne. Tudu ne na tsakuwa, ba ruwa, ba gida kusa, kuma kuraye sun san shi. Mu muna da yara da tuwon dare, tun muna tsayawa da ita har muka fara barinta. Takan kai almuru ita kaɗai, idonta a kan hanyar Tahoua. Ta rame, ta daina zagin kowa, wannan shi ya fi ba ni tsoro. Wata rana wani Buzu mai raƙuma ya tsince ta a sume, ya kawo ta gida. Na san in aka ci gaba a haka, a gindin aduwar nan za mu rasa ta.

Ni ba ni da haƙuri. Na ce, "Haba Yaya! Wadda aka rufe da ƙasa kike jira? So kike mu yi zaman makoki biyu?"

Ta ci gaba da duban hanyar Tahoua.

Inna ta yi shahada, ta karya doka. Ta yi bisimilla, ta sauke farin dutsen da hannunta, ta tura shi cikin saiwar aduwa. Da Lahadi ta zagayo, tare muka iso, gajerar ma a bayana take tun daga ƙofar gidanta. Dutsen yana bisa falale, daidai inda mai shi ta saba ɗora shi. Muka ce ƙila makiyaya ne. Inna ta sake saukewa. Ya sake hawa.

Daga nan hanyar ta canza mana. In muna dawowa, rana na dukan tudu, ko tsuntsu ba ya kuka, sai ka ji tsakuwa na motsi can baya, taku ɗaya mai nauyi, ɗaya ana jan sa. Mu tsaya, ya tsaya. Ba wadda ta waiwaya, ba wadda ta tambayi ƴar uwarta ko ta ji. Amma duk sai muka rage sauri, ba tare da mun yi shawara ba. Kuma kullum kafin mu kai rabin hanya sai takun ya ɓace, kamar mai shi ta gaji.

Gajerar ce ta faɗa da bakinta, rannan muna ɗaura gammo. "Ba ta iya hanyag ga ita ɗaya. Tun muna yara ba ta taɓa yin ta ba ni ba. Ku raka ni in ɗauko ta."

Da malamin garinmu ya ji, da ya ce mun yi saɓo, shi ya sa ba mu gaya masa ba. Muka gama ciniki da wuri, muka bi ta bayan gari har bakin maƙabarta. Mata ba sa shiga, sai muka tsaya daga waje. Gajerar ta gyara zanenta, ta ɗaga murya irin tata ta da.

"Ke raƙuma! Tashi mu tahi, rana ta yi. Kullum ke ake jira!"

Ta juya ta kama hanya, ta bar fili a gefenta na hagu, daidai tafiyar mutum. Mu muna biye. Tafiyar hawainiya muka yi, tana ta surutu, tana ba da labarin wa ta haihu, wa aka saka, nawa ake sayar da kaba. Wani wuri ta yi shiru, sai ta tuntsire da dariya. A inda muka saba hutawa ta sha ruwa, ta miƙa gorar gefe, ta ɗan jira. Takun nan kuwa bai ɓace ba, kuma ba a baya yake ba, a cikinmu yake.

Da muka hango aduwa sai na lura ban ƙara jin sa ba. Muka ƙarasa. Duwatsunmu suna bisa falale, kowanne a wurinsa. Farin yana ƙasa, a gindin itacen, inda ake aje na wadda ta iso.

Gajerar ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Kun ga marar kunya? Yau ta riga ni. Ko sai an jima ba ta ce mini ba." Sai ta durƙusa ta fashe da kuka, wanda ba ta yi ba tun ranar rasuwar. Da ta gama, ta sauke nata dutsen, ta wuce gida gabanmu. Ta ƙara shekaru masu yawa a duniya, tana zaginmu son ranta.

Yanzu duk sun tafi, ni kaɗai na rage. Ranar da ɗana ya zo ya kwashe ni zuwa Tahoua saboda ciwon ƙafa, na sa ya tsayar da mota a aduwar. Na tono dutsena, na riƙe shi a hannu. Na san ba da ƙafata zan dawo ba.

"Inna, ki ɗora mana mu tafi," ya ce, "ai ba mai jiranki."

Na mayar da shi ƙasa, kusa da farin. Yaro bai san su ba. Da na ɗora, da har yau suna nan zaune cikin rana.