Babbar Rigar Malam Hamidu

Malam Hamidu mutumin Bungudu ne, yana koyar da masu shirin zama malaman Fiziks a Gusau. Halinsa ɗaya ya ishi ɗalibai: sai ya koma bencin baya da furfurarsa, ya ce yau shi ne yaron aji, ya ɗaga hannu ya zuba amsar banza yana rantsuwa. Wanda ya ce masa “Zamna, ba haka ba ne” ya faɗi jarrabawa. A ganinsa ba yaron da ke zuwa makaranta da kai fayau, kowanne da kuskuren da ya taho da shi daga gida, kuma malamin da bai tono shi ba zuba ruwa yake a kwando.

Mas'udu ne ya fi ba shi tausayi. Ga ƙwaƙwalwa, ga zuciya kamar fetur. Sau biyu “Zamna” tana kayar da shi, saura dama ɗaya a sallame shi.

A 1998, da bazara, Malam ya hau babur ɗinsa Besfa zuwa Tsafe duba koyarwar gwaji. Mas'udu na bayanin zafi, wata yarinya, Safiya, ta ce ai bargo zafi gare shi a jikinsa. Malam ya ga leɓen Mas'udu ya ɗauko “Zam…”. Sai Mas'udu ya haɗiye ta, ya aika aka sayo ƙanƙara guda biyu. Bargo kuwa wa zai samo shi da bazara? Sai Mas'udu ya dubi babbar rigar Malam.

“Malam, a taimaka muna da riga.”

Haka dattijo ya zauna da singileti gaban 'yan mata suna ƙunshe dariya. Aka naɗe ƙanƙara ɗaya a rigar, aka bar ɗaya a tebur. Ta tebur ta zama ruwa, ta cikin riga tana nan da sauranta.

“To, Safiya, mi kig gani?”

“Na gane, Malam. Bargo ad da zahi, rigag ga kau sanyi gare ta.”

Malam ya rufe ido, ya ce a ransa shi ke nan, yaro ya tafi. Sai ya ji Mas'udu ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

“Mi yas sa kic ce haka?”

Daɗi ya kama Malam har ƙwalla. Ya ba shi makin ci, ya koma Gusau da jiƙaƙƙiyar riga, mura ta kwantar da shi, bai ko yi ƙorafi ba.