Kukar Iyaka da Iska Ta Kayar

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin masinja, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da na tsaya a gindin wata kuka a bakin iyaka, gari guda yana rantse mini a kan abin da ni da su duk mun san ƙarya ne. Har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku saurara, don irin wannan ba a ofis ake koyonsa ba.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba. Ni masinjan Di'o ne, wato Baturen da ke kula da yankinmu. Aikin masinja shi ne kai saƙo, da yin tafinta in babu tafinta, da zama idon Bature a inda ƙafarsa ba ta kai ba. Ni kuma aka ɗora mini ƙari. Da Ingilishi da Faransa suka raba ƙasa, an bi iyakarmu da Dahome, wadda ke hannun Faransa, ana sa alamu: wani wuri tulin duwatsu, wani wuri kuma, in akwai babban itace, a kafa masa farantin ƙarfe da ƙusoshi. Ni ke tasowa daga Bagudo a kan doki in zaga in tabbatar kowace alama tana inda aka bar ta.

Akwai wani ɗan ƙauye a can, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsu na nan da ransu. Yamma da shi akwai wata tsohuwar kuka, ita ke ɗauke da farantin. Daga gindinta zuwa yamma ƙasar Faransa ce, zuwa gabas tamu. Tsakaninta da ƙauyen akwai rijiya, da gonar wani mutum mai suna Dikko, wanda ya kafa gidansa a cikin gonar shi da matarsa Hajo. Mutum ne marar yawan magana, in ka gaishe shi ya amsa ya ci gaba da nomansa.

Baturen da ya kafa farantin ya faɗa wa maigari magana guda ya hau dokinsa: duk ranar da aka taɓa alamar nan, rawaninka ya tafi, kai kuma sai gidan yari. Farantin yake nufi. Amma mutanen nan suka ɗauki maganar suka yafa wa itacen gaba ɗaya. Kukar da tun kakanninsu ake hawa a sassare rassanta don ganyen miya, ake ɓare bawonta a tufka igiya, sai ta zama “kukar Bature”, ko akuya ba a ɗaurewa a gindinta. Na sha ce musu su ci ganyensu, ba wanda ya hana. Su ce to, in na juya baya su ci gaba da kewaye ta. Da ta yi shekaru ba mai rage mata kai, sai ta yi rassa har suka fi ƙarfin gindinta.

Farkon wata damina, da la'asar, hadari ya taso daga gabas, irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Iska ta kwashe jinkaye, ta kifar da rumbuna, ta sami kukar nan da kanta mai nauyi ta kwantar da ita. Faranti ya koma yana kallon ƙasa.

To, a nan hankali ya bar gari. Da farko, wai, sai da maigari ya tara maza da igiyoyi a ta da kukar. Kuka fa! Da suka gaji suka zauna shawara, dattawa suka fito da dabarar da suke ganin ba a taɓa yin irinta ba. Akwai wata kuka a tsaye a bakin gari, gabas da gidan Dikko. Suka ɓamɓare farantin suka kafa a jikinta, suka shafa toka a kan ƙusoshin don su yi kama da tsofaffi. A ganinsu Bature faranti a jikin kuka yake so ya gani, ga faranti, ga kuka. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa sun ɗauki rijiyarsu da Dikko da matarsa sun miƙa wa Faransa da hannunsu.

Labari bai kwana ba, 'yan kasuwa suka tsallaka da shi. A lokacin Faransawa na kamun mutane aikin tilas, fasa dutse da yin hanya, har mutanensu da yawa ke gudowa wajenmu. 'Yan sandansu, waɗanda ake kira gardi, suka zo suka ga alama ta matsa, suka ga gida a bayanta da namiji mai ƙarfi a ciki. Suka ɗaure Dikko suka tafi da shi, ana gab da shuka.

Hajo ce ta tako da ƙafa har Bagudo ta same ni. Ta ce gardi sun shigo sun kama mijinta, amma ba ta ce uffan a kan faranti ba, don maigari kawunta ne kuma ya ja mata kunne. Ina isa ƙauyen na ga abin da aka yi, na riƙe baki. Na ce wa maigari a mayar da farantin yanzun nan. Ya ce a'a, gardi sun riga sun gani, in an sake taɓawa laifi ya zama biyu. Ni ma doka ba ta ba ni ikon cire alama da hannuna ba. Dole na koma na sanar da Di'o, shi kuma ya aika wa Kumandan, takwaransa na Faransa, aka sa ranar haɗuwa a wurin.

Kafin ranar na zaunar da maigari na yi masa bayani har bakina ya bushe. Na ce iska ce ta kayar, ba wanda zai kama shi da laifin iska, ya faɗi gaskiya a sako Dikko. Ya gyaɗa kai, ya ce, “Na jiya, Masinja. In Allah ya so.”

Ranar ta zo. Di'o da Kumandan suka zauna a inuwar sabuwar kukar, mutanen gari suka yi zobe. Duk Turawan biyu sababbi ne, ba wanda aka kafa farantin a gabansa, abin da suka sani kawai shi ne alama tana jikin babbar kuka yamma da gari. Di'o ya ce in tambayi maigari ko a nan farantin yake tun asali.

“Ranka shi daɗe,” in ji maigari, “nan anka kahwa shi, nan yake. Ba mu taɓa ganin shi wani wuri ba.”

Na dube shi. Na rage murya na ce, “Maigari, me muka yi da kai jiya?”

Ya ce, “Masinja, kai doki za ka hau ka koma Bagudo. Ni ina za ni ba rawani?”

Haka na juya na fassara wa Di'o ƙaryar da bakina, don masinja ba ya sauya maganar mutum. Na ƙara da cewa ni dai na san ba a nan take ba. Di'o ya ce a tambayi dattawa. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce nan take. Har wani tsoho da ba a tambaye shi ba ya miƙe ya ce shi a gabansa aka buga ƙusoshin. Wallahi da ba don kayan aiki da ke jikina ba, da na cire hula na buga da ƙasa. Kumandan ya ɗaga kafaɗa. Di'o ya ce mini, “Kai kaɗai ne ka ce ba haka ba, ga gari guda.” Ya fara neman hularsa zai tashi. Yana tashi kuwa, Dikko ya zama na Faransa ke nan.

Sai Hajo ta keto cikin maza, abin da mace ba ta yi a irin wannan zama. Ba ta dubi Turawa ba, gaban maigari ta durƙusa.

“Kawu, ka ji tsoron Allah. Rawani za ka ci? Ruwa sun sauka, kowa ya yi shibka, gonata na kwance. Kun ba da rijiya, kun ba da mijina, don kar a yi muku hwaɗa?”

Aka yi ta “ke, ke, Hajo!” Ta miƙe ta ce da ni, “Masinja, gaya musu su biyo ni.” Ta yi gaba, Turawa suka bi ta, gari ya biyo baya sumui-sumui kamar masu rakiyar gawa. A gindin kukar da ta faɗi ta ɗaga wata tabarma da aka jingina wai don inuwa. Ga ramukan ƙusoshi da tsatsa, ga shatin farantin a jikin bawo, kamar an buga hatimi.

Maigari bai jira an ce komai ba. Ya kwance rawaninsa da kansa, ya ajiye gaban Di'o. Di'o ya ce in tambaye shi wa ya kayar da itacen. Maigari ya ce iska. Di'o ya ce, “To, mene ne laifinku a ciki?” Ya yi dariya, Kumandan ma ya yi, sannan Di'o ya ce maigari ya naɗa abinsa. Aka mayar da farantin a gindin kukar tana kwance. Ko tsawa ba a yi wa kowa ba. Ni ban yi dariya ba.

Kumandan ya yarda a maido Dikko, amma ya ce an riga an tura ayarinsu kudu mai nisa, sai an nemo shi. Neman nan bai ƙare ba sai bayan an gama girbi. Hajo ita kaɗai ta shuka abin da ta iya, ciyawa ta ci rabi. Mutanen gari sun yi mata gayya sau ɗaya, cikin jin kunya, ba wanda ya iya haɗa ido da ita.

Da na sake zagayowa na tarar da Dikko zaune a kan kukar. Ashe ba ta mutu ba, sauran saiwarta na cikin ƙasa, ta yi ganye a kwance, mata na tsinka ba sai an hau ba. Shi kuwa ya rame, kafaɗunsa duk tabon kwandon dutse, yana tari. Na gaishe shi, na ba shi labarin yadda aka ƙare, na ce ba a hukunta kowa ba, don an gane laifin iska ne. Ya daɗe yana kallon gonarsa. Sannan ya ce, “To, Masinja, ita iskar an kama ta?”

Tun daga ranar, duk garin da na kai doka, ba na tashi sai na faɗi abin da aka hana, na kuma faɗi abin da ba a hana ba, har da abin da za a yi in ruwa ko iska suka yi nasu aikin. In kun kai wa mutanenmu tsoro kuka bar musu sauran su cike da kansu, za su cike, kuma wanda ya fi kowa shiru a garin, a kansa za ta ƙare.