Ranar da na shayar da basfa man gyaɗa

Wauta dai na yi ta kala-kala a rayuwata, amma wadda na yi wa basfata ita ce ba zan manta ba har a mai da ni ƙasa. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba malam ya ba babana shawarar a mai da ni gona. To sai Allah ya haɗa ni da wata cuta, wato duk abin da na gani sau ɗaya sai in ɗauka na iya shi.

Basfar nan tun ina saurayi na saye ta, a bayanta na yi zance har aka ba ni Hajiya, mai ɗakina. Da ta tsufa na jingine ta a zaure, ta shekara da shekaru kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Ana nan sai aka yi wa autanmu da ke zaune a Ruwan Godiya albishir matarsa na da ciki, ya ce in mace ce sunan uwarsa zai sa mata. Hajiya kuwa ciwon gwiwa ya sa ta gaba, ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau baburan zamani. Sai na ce zan ta da basfa, tunda ita gajera ce, a kaikaice ake zama. Haka na faɗa wa mutane. Gaskiyar magana, so nake 'yan majalisarmu na Sheme su ga na wuce su da ƙara.

Na ɗora ta a mota zuwa Kankara wurin taubashina, tsohon bakanike, wanda tun muna yara ba mu haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya farke injin kaf, ya sa sabon fistin da zobba, ya wanke komai. Ran da zai ba ni ita, taki ɗaya ya yi wa kik, ƙarfen nan da ake takawa, ta ɗauka. Ya ce mini, "Injin nan sabo ya koma, yana da tauri. Ka bi shi sannu har ya saki jiki."

Wannan kalma ta tauri ita ta zauna mini a kai.

Aka haihu, mace. Hajiya ta soya gyaɗa ta matse mai da hannunta, galan guda, don suyar naman suna. Ana gobe suna, bayan la'asar, na zauna a zaure ina kallon basfa ina lissafi irin na manomi. Sabon takalmin fata in ya matse, mai ake shafa masa. Sabuwar tanda, sai an sha da ita mai kafin waina ta tashi. Igiyar shanun huɗa ma haka. To ina dalilin da za a bar inji da tauri, ga mai a gida? Na leƙa, Hajiya na bayan gida. Na tsiyayi kofin shayi cike, na kwance fulogi, na ɗura mata ta ramin, har ina cewa, "Sha, baiwar Allah, gobe akwai tafiya."

Da safe na ci farar shadda da hula. Hajiya ta fito da sabuwar atamfa, galan a hannu, tana ɗaga shi tana duba wuyansa.

"Malam, man nan kamar ya ragu."

"Sanyi ne," in ji ni. "Mai in ya ji sanyi komawa ƙasa yake."

Na turo basfa ƙofar gida, daidai inda 'yan majalisa ke shan hantsi. Na yi bisimilla na taka kik. Ya ɗan motsa ya tsaya cik, sai ka ce na taka dutse. Na sake. Ko gezau. Na duba giya, tana firi. Na tura ta gaba na ja ta baya, na jijjiga, na leƙa bututun hayaƙi ko zanzaro ya yi gini. Wani daga majalisa ya ce tsatsa ce, wani ya ce kambun baka ne, wani ya ce in kira kajin su tura. Hajiya ta sami dakali ta zauna ta miƙe ƙafa. Zaman nan nata ya fi mini zafi, don na san da hantsi za a raɗa suna, takwararta ce, ga kuma matan gidan can sun kafa kasko suna jiran mai.

Na naɗe hannun riga, na hau kik da ƙafa biyu zan dira masa da duk nauyina, sai na ji an daka mini tsawa.

"Kai! Sauka, kada ka lanƙwasa min ƙarfe, tsohon banza!"

Taubashina ne a kan babur ɗinsa, ya biyo mu tafi sunan tare. Ni kuwa na samu wanda zan ɗora wa. Na ce, "Yauwa, ga mai aikin nan. Jama'a ku shaida, gyaran Kankara ke nan, kwana kaɗan inji ya kafe."

Ya cire murfin gefe, ya kama fankar injin da hannu. Ya juya ta baya, ta tafi. Ya juya ta gaba, ta zo wani wuri ta cije. Ya ce, "Haƙoran kik lafiya lau suke. Wani abu ne ya tare fistin daga sama." Ya kwance fulogi, ya dube shi, ya kai hanci. Ya sake kaiwa. Na ga gemunsa na rawa.

"Mi ka ba ta?"

"Ni? Fetur mana."

"To madalla. Zo, idona ya yi rauni. Duƙa nan ka leƙa ramin ga, ka faɗa min in ka ga fistin na motsi."

Har yau ina mamakin yadda na yarda. Mutumin da ya taɓa sa mini kunama marar ƙari a aljihu! Na duƙa, na kafa ido a rami, ya ɗaga ƙafa ya sakar wa kik. Abin da ya tare fistin ya fito gaba ɗaya. Fuska, gemu, hula, gaban shadda, babu inda bai samu ba. Ƙofar gida ta ɗauki ƙamshin ƙuli-ƙuli. 'Yan majalisa har da masu kwanciya a tabarma.

"Inji iska yake matsewa, ba miya ba," in ji shi yana share hawaye. "Saura gishiri da albasa ka sa mata."

Ya yi ta takawa har ramin ya bushe, ya wanke fulogi da fetur ya mayar. A taki na kusan goma ta yi tari, ta ɗauka, ta turnuƙe unguwa da farin hayaƙi. Lokacin sake riga ya wuce. Haka na ɗauki Hajiya, duk ƙauyen da muka ratsa sai an waiwayo ana neman mai tuyar ƙosai. Mun isa liman ya ɗaga hannu ke nan. Hajiya ta ji sunanta da kunnenta daga soro, aka miƙa mata jaririya, ni kuwa ƙudaje suka yi mini rakiya har cikin sahu.

Tun ranar na koyi cewa in mai sana'a ya ce a bi abu sannu, to sannun yake nufi, ba ya neman gudummawata. Na kuma daina leƙa duk ramin da taubashi ya nuna mini.

A hanyar komowa da yamma Hajiya ba ta yi zancen galan ba, har na fara murna ta manta. Sai da muka tsaya ƙofar gida, tana saukowa da ƙyar, ta dafa kafaɗata, gwiwar ta yi ƙara, ta ce, "Malam, ashe ka san abu in ya yi tauri mai ake shafa mashi. Gwiwar nan tawa shekara nawa kana jin kukanta?"