Maganin da Aka Daina Sha

Mai Fito ake ce masa, don in ya sa yatsu biyu a baki ya busa, shanunsa ko suna bayan tudu sai sun ɗago kai. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana. Tun yana yaro yake bin garke, kuma ban da zazzaɓin damina bai san kwanciyar ciwo ba.

Da girma ya fara kama shi sai ciwon kai ya sa shi gaba, daga ƙeya yake taso masa. Shi ya ce rana ce, matarsa ta ce rashin hutu ne. Wata ranar kasuwa jiri ya kwashe shi, ƙanensa ya tallabe shi zuwa ɗakin shan magani. Malamin asibiti ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya duba, ya girgiza kai.

"Baba, jininka ya hau. Ga wannan, ɗaya kullum da safe. In ya ƙare ka dawo."

Kafin ya buɗe baki an kira na bayansa, don layi har waje.

Ya sha maganin tsaf, kai ya yi sakayau. Da ƙwayoyin suka ƙare, matar ta ce, "Malam, ba cewa aka yi ka koma ba?"

"In koma in ce musu me? Saniya in ta warke, kin taɓa ganin an ci gaba da yi mata allura?"

Ta yi dariya, magana ta wuce. Da rani ya matsa suka tashi da garken can nesa, inda ko wayar hannu ba ta kamawa.

A can ne wata safiya yana ɗaure ɗan maraƙi igiya ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Matar ta tarar da shi a ƙasa, baki ya karkace. Makwabta suka ce iska ce ta shafe shi, aka yi ta hayaƙi da shafe-shafe. Sai da abin ya ci tura aka nemi mota zuwa babban asibiti.

A asibitin, wata ma'aikaciyar jinya ta juya tsohon kwalin maganin a hannunta. "Wa ya ce ya daina sha? Wannan ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rai."

Ƙanen ya ce, "Wallahi, Hajiya, ba wanda ya gaya mana haka."

Ta gyara wa Mai Fito matashin kai.

Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Garke ya koma hannun ƙanen, shi kuwa aka ajiye shi gidan 'yarsa a gari, a wani ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bangon makwabci. Matar ke ba shi ƙwayar kullum da safe, ta tsaya a kansa har sai ya haɗiye.

Da farko ƙanen kan zo da labarin shanu. "Yaya, jar nan ta haihu. Mai karyayyen ƙaho kuma ta faɗi." Mai Fito ya yi ta tambaya da harshensa mai nauyi, ana gane rabi. Sannu a hankali zuwan ya ja baya. In ma ya zo, shanun da yake ambata sababbi ne, Mai Fito bai taɓa ganinsu ba. Sai ya daina tambaya, ya gyaɗa kai kawai, ya juya fuskarsa bango.