Rufin Ɗakin Gwaggo Zinariya

Mailafiya magini ne a Dala, kuma in dai maganar ƙasa da azara ce, ba a ja da shi. Tun tasowarsa yake taka kwaɓi a hannun marigayi Malam Isyaku, har ya gaji sana'ar ya yi furfura a kanta. Aibinsa guda ne. In ya faɗi magana, ko an nuna masa kuskure ƙiri-ƙiri, sai ya gyara zaman hula ya maimaita ta.

Magini ba ya tsoron komai kamar ruwan da ya zo ba shiri, don haka Mailafiya ya daɗe da yin nasa tanadin. A zaurensa akwai kantun gishiri a cikin ragaya, in ya fara gumi to ruwa ya kusa. A kan soro ya ajiye wata tsohuwar tukunya, bayan kowane ruwa sai ya hau ya tsoma kara ya ga inda ya kai. Yana kuma lura da saukar shamuwa a kan tsamiyar bayan gidansa.

A shekarar 1954 maƙwabcinsa Jibrin ya sami aikin masinja a ofishin masu duba yanayi, can bayan gari. Kullum in ya taso sai ya jingine keke a ƙofar zauren, ya faɗi abin da aka ce za a yi gobe. Mailafiya ya mai da abin gasa. In ofis ya dace, ya ja layin gawayi a bango, in gishirinsa ne ya dace, ya ja na farar ƙasa. To ruwan Kano kuwa kowa ya san halinsa, sai ya jiƙe Fagge sharkaf ya bar Dala ko ɗigo. Damina biyu farar ƙasa na gaba, kan Mailafiya ya ƙara kumbura, har baƙi yake ja zuwa bangon su gani.

Bazara ta uku gara ta cinye azarar ɗakin Gwaggo Zinariya, matar Malam Isyaku. Tsohuwa ce tukuf, idonta ya tafi, da lalube take gane kowane lungu na ɗakin, don mijinta ne ya gina mata shi da hannunsa tun tana amarya. 'Yarta Larai ta sha roƙonta ta koma wurinta a Kabara, ta ƙi. Buri ɗaya ya rage mata, ta cika a cikin ɗakin nan. Mailafiya ya yi mata alkawarin kwana uku kacal za ta yi a rumfa, ya yaye rufin, ya sa sabuwar azara, ya mayar da ita.

Ana gobe za a fara Jibrin ya same shi a gaban sauran magina, ya gaya masa an ce hadari mai ƙarfi na tafe cikin kwana biyu. Mailafiya ya shafa kantun, ya ji shi bushe ƙamas. Shamuwa ma ba ta sauka ba.

Jibrin ya rage murya ya ce, "Baba, gishirinka iskar zauren nan kaɗai ya sani. Su kuwa ta waya aka gaya musu daga gabas, can an riga an sha shi. Ka ƙara kwana uku mana."

Maganar ta shige shi. Da su biyu ne kawai, wataƙila da ya saurara. Amma ga magina sun zuba masa ido, shi da ya shekara biyu yana yi wa ofis dariya. Ya gyara hula ya ce gobe da sassafe za a yaye.

Ranar farko lafiya lau. Rana ta biyu, ana sallar la'asar, gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Suka yi ta jan zana da asabari suna rufe kan bango, iska na fizgewa. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ya cika ɗakin da ba rufi ba indararo, tsohon tubali ya sha ya ƙoshi. Kafin magariba bangon gabas ya zauna, na kudu ya bi shi. Gwaggo na rumfa ta ji ƙarar. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambaya ko an ji wa wani ciwo, aka ce a'a.

Mailafiya ya durƙusa a gabanta cikin taɓo. Ita ce ta lalubo kafaɗarsa ta ce, "Tashi, Mailafiya. Yaushe zan koma?"

Ya ce da kaka, in Allah ya yarda, domin damina ta kankama, tubali ba zai bushe ba. Washegari Larai ta zo ta tafi da ita Kabara. Duk Juma'a yakan je gaishe ta, duk zuwa kuma sai ta tambaye shi ko ƙasa ta fara bushewa. Baƙin cikin tambayar nan ya fi ƙarfinsa, ya rame, hira ma ya daina zama.

Gwaggo ta rasu ana saura 'yan kwanaki a fara yankan gero. Da kaka ta yi, Mailafiya ya buga tubali, ya tayar da ɗakin shi kaɗai, ya yi rufi, ya shafe shi da makuba. Larai ta ce masa ba wanda zai shiga, ya ce ya sani, ya ci gaba da yaɓe.